Gora ta Tara

Kakana Froilán bai taɓa zama a aji ba,
amma ya san mashigin Dalcahue
kamar yadda harshe ya san giɓin haƙori.

Da asuba ya kashe injin jirgi
tsakanin layukan da muke kiwon ƙumba,
ya ce, Ermelinda, zuba wa gora ta tara ido,
waccan da fentinta ya ɓare.

Jirgin fito ya wuce can nesa
da motoci biyu da tumakin wani.
Sai ga sawunsa ya taso mana,
tudun ruwa na bin tudun ruwa.
Gora ta ɗaya ta miƙe, ta zauna.
Ta biyu ta miƙe, ta zauna.
Da abin ya iso ta tara
sai ta hau, ta ɗan leƙa gaba,
ta sauko, ta ja da baya,
zagaye guda, bai fi bakin tukunya ba.
Tudun kuwa ya riga ya kai gaɓa
yana wanke wa gidajen katako dogayen ƙafafunsu.

Ya ce, wa ya tafi?
Na ce, ruwa.
Ya nuna ɓawon lemon da na yar ɗazu
yana nan yana lilo a gefen jirgi.
To wannan me ya hana shi bin su?

Da rana, a bayan rumfar raga,
ya ɗaure igiya a jikin turke,
ya ƙulla jan zaren ulu a tsakiyarta,
ya miƙo min bakin.
Na kaɗa. Igiyar a sake take,
ƙusumbin ya tafi yana jan ciki
kamar wanda aka aika bai so.
Ya ce, ja baya, ɗame ta.
Na ja har tafin hannuna ya yi zafi.
Na kaɗa, fit, ya taɓa turke ya dawo.

Sai wayo ya zo min.
Na saki igiya, na kaɗa da fushi,
da kafaɗa, da dukan shekaruna tara.
Jan zaren ya yi tsalle ya wuce kaina,
ya faɗo, ya sake tashi,
amma ƙusumbin bai ƙara sauri ko taku ɗaya ba.

Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Tsallen naki ne, ya ce.
Gudun na igiya ne,
yadda aka ɗame ta, da nauyin jikinta.
Ulun kuma duba shi,
yana inda na ƙulla shi.

Sau ɗaya tak ya yi maganar shekarar girgiza.
Yana yaro, teku ya ja baya, ya dawo da hauka.
Daga baya suka ji a rediyo
kafin kwana ya zagayo abin ya kai Japan,
don inda zurfi ya yi zurfi
igiyar ruwa gudun jirgin sama take.
Ya yi shiru yana kankare ƙumba da wuƙa.
Ko ɗigo ɗaya na ruwanmu, ya ce,
bai taɓa ganin Japan ba.

Jiya da dare waya ta yi ƙara
a ɗakina na haya a Punta Arenas.
Gwaggo Zoila ce.
Ita maƙwabci ya gaya wa,
shi kuma yaron da ya ga jirgin yana yawo ba inji.
Na miƙe tsaye.
Na yi taku biyu zuwa taga, na dawo.
Na zauna a bakin gado, daidai inda na tashi.

Can na lalubo lambar ƙanena Abelardo.
Tana ringi, ina kallon jan zaren
da ke ɗaure a mariƙin makullina.